Hannun Yaya a Cikin Akwati

Kunne ake ce masa, kuma ba don girman kunnuwan ba, ko da yake su ma ba laifi. Tun yana yaro, in aka rufe ƙofa a gidan maƙwabta zai gaya maka wace ce, ta ɗakin girki ko ta banɗaki, da wanda ya rufe ta, da ko cikin fushi ne ko cikin sauri. Mahaifiyarsu ta sha cewa ba a yin sirri a gidan nan sai an aiki wannan yaron. Da ya girma bai yi nisa da halinsa ba, ya zama mai haɗa sauti a wani ɗan ɗakin ɗaukar wasan kwaikwayo na rediyo, a saman bene, ƙasansa shagon masu facin taya. In ka ji a rediyo an buga ƙofa, ko jariri ya tsala kuka, ko mota ta ƙi tashi, to babu ƙofa babu jariri babu mota. Kunne ne zaune a lungu yana danna maɓalli.

Kayan aikinsa guda ɗaya ne, kowa a wurin akwati yake ce masa. Na'ura ce baƙa, faɗinta kamar na tiren shayi, da maɓallan roba jere a samanta da ɗan allo kore wanda sai ka sunkuya kake ganin rubutunsa. Ka ɗauki sauti da makirfo, ka sa shi a ƙarƙashin maɓalli, duk sanda ka danna ya fito. Sautukan suna kwana ne a cikin wani kati da ake zura wa a gefe. Da safe in an kunna akwatin sai ya kwaso su daga katin ya riƙe a kansa, in an kashe ya manta komai, gobe ya sake kwasowa. Irin wannan kati kuwa an daina yinsa tun tuni. Kunne ya zaga shagunan kayan wuta har takalminsa ya suɗe, masu shago suna juya katin suna tambayarsa ko daga gidan tarihi ya samo. Guda ɗaya gare shi, kuma kullum a cike yake maƙil.

Ai dole ya cika. Mutumin nan halaye biyu gare shi masu sa mutum ya ciji yatsa. Na farko, ba ya goge komai. Ƙarar ƙofa kawai yana da ita iri-iri: ta katako, ta ƙarfe, wadda ruwa ya kumbura, wadda mace ta rufe bayan an yi mata ƙarya. Na biyu, ba ya sa wa komai suna. Akwatin yana da wurin rubuta suna, amma sai ka bi haruffa ɗaya-ɗaya kana murza wani ɗan maɓalli, shi kuwa ya ce ba shi da wannan lokacin. Sai ya bar na'ura ta ba kowane sauti lamba, ɗaruruwan lambobi a jere, ba ka sanin wace ce tsawa wace ce atishawa sai ka kunna.

Darakta, wadda ita ce mai shirya wasannin, ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Kunne, don girman Allah ka riƙa rubuta suna. Ran da ka kwanta ciwo wa zai iya taɓa wannan abin?"

"Ranki ya daɗe, ai shi ya sa ba na kwanciya."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Ki kunna min kowanne, kafin ya gama buɗe baki na gaya miki ko mene ne."

Abin haushin kuma gaskiya yake faɗa, shi ya sa ba a taɓa cin galabarsa a gardamar ba.

A cikin wannan tarkace akwai rukuni ɗaya da ba na aiki ba ne, na Yayansa ne. Yaya makaɗi ne, da ganga ya riƙe gidansu bayan rasuwar mahaifinsu, da ita ya kai Kunne makaranta, shi ne ma ya saya masa akwatin, na hannu, lokacin da ya ga ƙanen nasa ba zai taɓa yin aikin ofis ba. Wata shekara aka buƙaci kiɗa a wani wasa, Kunne ya kira shi ɗakin ɗauka. Ya ce masa ya buga ɗaya ya tsaya, ya buga ɗaya ya tsaya, yadda za a ɗauki kowane bugu shi kaɗai kamar sauran sautuka. Yaya ya harare shi.

"Kai, ni ƙofa ce? Kunna abinka ka bar ni in yi kiɗa, ka tsinci abin da za ka tsinta."

Haka aka yi. Kunne ya bar makirfo a buɗe aka yi ɗauka guda doguwa, daga baya ya zauna ya yi mata alama, daga nan zuwa nan bugun tsakiya, daga nan zuwa nan na gefe, ga na tafin hannu, ga na yatsu, ga wani ɗan jan hannu da Yaya yake yi wanda ba wanda ya iya kwaikwayo. Ya raba su a kan maɓallai. Ya so ya ware kowanne ya adana shi daban, amma babu wuri a katin, sai ya ce gobe.

Ba a rufa shekara ba Yaya ya faɗi a banɗaki. Ya tashi da ɓarin damansa a shanye, hannun kiɗan yana reto kamar ba nasa ba, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Mutumin da in ya shiga wuri sai an san ya shigo ya koma zama a kujera yana kallon bango. Gangarsa tana rataye a bayan ƙofa, ya hana a taɓa, ya hana a sauke. Abinci sai matarsa ta yi da gaske. Ran wata Asabar Kunne ya rasa abin da zai kai masa, ya naɗe akwatin a tawul ya hau mota. Ya ɗora masa a cinya, ya kama yatsun hagunsa ya danna. Ganga ta amsa a ɗakin, bugun Yaya, da nauyin hannunsa da komai. Yaya ya zabura, ya sake dannawa da kansa, ya danna na kusa da shi. Kafin la'asar yana haɗa kiɗa da yatsu uku, matarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen zane.

Tun daga nan Asabar ta zama ta Yaya. Matar Yaya ta ce ranar kaɗai yake yarda a yi masa aski, ranar kaɗai yake cinye abin da aka zuba masa. Ta kan tsokani Kunne ta ce, "Ƙanen miji, kai dai ba a marmarinka, akwatin ake jira." Shi kuma ya ce ai ya sani, shi ɗan dako ne kawai.

To, ana nan sai Darakta ta kawo sabon wasa, labarin wata unguwa da ruwa ya ci. Ana tsakiyar gwaji ran wata Talata da rana sai hadari ya haɗu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, yana dukan kwanon shagon masu faci. Darakta ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru.

"Kunne! Ka ji? Wannan nake so. Ba wannan ruwan naka mai kama da famfo ba. Ɗauko min shi yanzu, mai tsawo, da tsawar da komai."

Ya miƙa makirfo ta taga, ya danna ɗauka, allo ya nuna masa babu wuri.

"Mene ne kuma?"

"Kati ya cika, ranki ya daɗe."

"To goge wani abu mana! Ƙofofin nan naka, so kake a binne ka da su?"

Ya fara bin lambobi yana kunnawa. Wannan kukan akuya ne, ana buƙata. Wannan birkin mota ne, kai, da ƙyar ya same shi. Ko ya goge goma irinsu ma ba za su ba da wurin ruwan minti ɗaya ba. Darakta tana tsaye a kansa tana buga ƙafa, 'yan wasa sun zuba masa ido, ɗaya yana cewa ga ruwan nan ya fara tsagaitawa. Sai idonsa ya faɗa kan wata lamba da ta cinye kusan rabin katin ita kaɗai. Ya sa abin sauraro a kunne ya kunna. Ƙarar fanka. An ja kujera. Wani ya yi hon a titi. Fanka dai, fanka dai. Ya saurara har ya ƙosa, bai ji komai ba.

Wannan shi ne mutumin da yake cika baki cewa kafin sauti ya buɗe baki ya gane shi. Ai kuwa ya gane: fankar ɗakin nan ce, kujerar ɗakin nan ce, wata rana ce ya manta makirfo a buɗe. Abin da bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne wace rana. Da ya ƙara haƙuri kaɗan da ya ji Yaya yana tsaki yana ɗaure gangarsa. Ya danna goge. Akwatin ma ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata.

Ba za a ce bai yi hattara ba, wannan ne ma abin da ya fi ciwo. Kafin ya fara ɗaukar ruwan sai da ya juya zuwa rukunin Yaya ya danna maɓallai biyu, ganga ta amsa ras. Ai dole ta amsa, tun safe akwatin ya kwaso sautukan yana riƙe da su a kansa. Hankalinsa ya kwanta, ya ɗauki ruwa mai tsawo da tsawa biyu masu kyau, Darakta har da tafa masa. Da aka tashi aiki ya yi abin da yake yi kullum tun ran da ya mallaki akwatin, abin da yake yi wa wasu faɗa in sun manta: ya kashe shi, ya zare waya daga bango, ya lulluɓe shi da tawul.

Bai sani ba sai ran Juma'a da yamma, yana shirin naɗe shi don gobe. Ya juya rukunin Yaya ya danna. Shiru. Ya ƙara murya, ya danna na biyu, na uku, ya bi su duka da tafin hannu kamar mai kashe kiyashi. Ya sunkuya ya karanta allo: ba a sami sautin ba. Maɓallan nan ba su taɓa riƙe bugun Yaya ba, alama kawai suke riƙe da ita, daga nan zuwa nan, a cikin doguwar ɗauka guda ɗaya. Ya san haka. Shi ya yi alamun da hannunsa. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai, mai facin taya a ƙasa yana ta dukan ƙarfe kamar da gayya.

Ya zare katin ya ruga wurin mai gyaran waya a bakin kasuwa, wani mai tabarau da ake cewa yana dawo da hotunan da aka goge. Sai da aka nemo abin da zai karanta irin katin a ƙasan wani kwali. Mutumin ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya cire tabarau.

"Bayan ka goge, ka sa wani abu a kai?"

"Ruwan sama."

"Mai yawa?"

"Mai yawa."

"To, malam, da ka zo kafin ruwan da mun yi magana. Gogewa ba ta kashe abu, ɗorawa a kai ce take kashewa. Gurbin nan yanzu ruwanka ne a ciki daga farko har ƙarshe."

Kunne ya ce a sake dubawa. Aka sake. Ya ce ko akwai wani wanda ya fi shi iyawa, mutumin ya miƙa masa katinsa ya ce Allah ya ba da sa'a.

A gida Kunne ya kasa cin abinci, matarsa ta matsa masa har ya faɗa. Ba ta yi masa ta'aziyya ba, don ita ma ta ƙoshi da halin nan.

"Baban yara, haruffa huɗu ne fa. Yaya. Da ka rubuta su da hannunka ya karye?"

"Yanzu lokacin wannan maganar ne?"

"To yaushe ne lokacinta? Kukan akuya ka ajiye, ka goge ɗan'uwanka."

Ya tashi ya bar mata ɗakin, ba don ta yi ƙarya ba.

Ya bi duk inda zai bi. Ya nemo tsohon wasan da aka sa kiɗan a ciki, ya tarar gangar tana can ƙasa, 'yan wasa suna ihu a kanta. Ya bi wayoyin dangi, ya sami Yaya a taro iri-iri yana kiɗa, amma ga hayaniya, ga janareta, ga wata tana kiran ɗanta, ba bugu ɗaya mai tsabta da za a cira. Asabar ɗin ya kira matar Yaya ya ce akwati yana wurin gyara. Ta ce, "An yi masa aski tun safe. Yana zaune yana kallon ƙofa." Kunne ya kashe wayar ya ji kamar ya rotsa ta da bango.

Da Asabar ta biyu ta matso ya ga ƙaryar gyara ba za ta kai shi ko'ina ba, sai ya je ya sami matar Yaya a bakin famfo ya gaya mata gaskiya. Ta riƙe baki, ta kira sunan Allah, sannan ta tambaye shi yanzu ya za a yi. Ya ce akwai Gajere. Gajere abokin kiɗan Yaya ne tun suna samari, tare suka koya a hannun mutum ɗaya, tare suka yi yawo, sun yi faɗa sun shirya ba adadi. In akwai mai iya kwaikwayon hannun Yaya a duniya, shi ne. Abin da ya rage gangar. Matar Yaya ta ce wallahi in ya gane zai ci mutuncinta, amma da Yaya ya yi barcin rana ta sauke ta daga bayan ƙofa, ta rataye doguwar riga a wurin, ta miƙo masa ta taga.

Don ya sami wuri a katin, Kunne ya goge ƙofofinsa. Bai ma tsaya ya ji su har ƙarshe ba, ya bi lambobi yana sharewa, haƙoransa a cije. Gajere ya zo ɗakin ɗauka, ya rungumi gangar, sannan ya ce a fara. Wannan karon ɗaya-ɗaya aka ɗauka, kowanne daban, kowanne Kunne ya murza maɓalli ya rubuta masa suna, yanzu da sunan ba zai tsinana komai ba. Suka wuni Kunne yana ta yi masa gyara. "Ƙara nauyi." "Ba haka ba, shi yana barin tafin ya ɗan kwanta." "Sake." Gajere ya fusata ya ce shi fa ba almajirin kowa ba ne a kiɗa, ya miƙe zai tafi, Kunne ya tare ƙofa yana ba shi haƙuri. Ɗan jan hannun nan kuwa sun yi ya fi a ƙirga. A ƙarshe Kunne ya rufe ido ya danna maɓallai, ya ce wa kansa ya yi. Da Darakta ta leƙo ya kunna mata, ta ce ita ba ta ji bambanci ba. Ya riƙe maganarta da hannu biyu, alhali ya san ba kunnenta ake tsoro ba.

Ran Asabar da hantsi ya shiga ɗakin Yaya da akwati a hammata. Ganga ta koma bayan ƙofa. Yaya yana kujerarsa, an yi masa aski, ya sa riga mai guga. Da ya ga tawul ɗin gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, ya buga cinyarsa da hannun hagu, wato a ɗora. Kunne ya jona waya, ya kunna, ya ɗora masa. Matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta shara.

Yaya ya danna bugun tsakiya. Ya danna na gefe. Ya haɗa su, yatsunsa uku suka fara tafiya, kiɗa ya tashi. Sai Yaya ya kai kan jan hannun. Ya tsaya. Ya sake danna shi, shi kaɗai, ya karkata kai. Ya koma bugun tsakiya ya danna a hankali, ya bar shi ya mutu.

"Gan...gata ce," ya ce.

"Ita ce, Yaya."

Ya daɗe yana tattaro kalma ta gaba, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Gajere."

Ba tambaya ba ce. Matar Yaya ta jingina tsintsiyar ta fita. Kunne ya buɗe baki zai ce wani abu game da gyara, game da lasifika, ya ga idon Yayansa a kansa, ya rufe.

"Nawa... fa?"

"Na goge, Yaya. Ban sani ba. Na nema ko'ina, babu."

Yaya bai yi faɗa ba, kuma Kunne ya so a ce ya yi. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannun damansa da ke kwance a gefen kujera. Ya kai na hagu ya kama shi ta wuyan hannu, ya ɗago shi da ƙyar, ya kawo shi saman maɓallan, ya sake. Hannun ya faɗi da nauyinsa, bugun Gajere ya fito, sannan ya zame ya koma gefen cinya.

"Kashe," in ji Yaya.

Kunne ya miƙa hannu bayan akwatin ya kashe.